Manhajar da Ta Nuna Masa Hanya

Wata mai ɗinki tana zaune a bencin asibitin unguwa da ɗanta a cinya, tana jiran layin allurar rigakafi ya zo kanta, sai ta ji muryar da ta gudu ta bari tana gaisawa da maigadi a bakin ƙofa.

Tsohon mijinta ne. Shi ne ya karya mata haƙori, har alƙali ya raba auren ya kuma hana shi zuwa inda take. Tun daga nan ta ɗauki keken ɗinkinta ta koma ɗakin yayarta a can ƙarshen gari, ta canza layin waya, ko cefane ba ta fita ita kaɗai.

Ya shigo yana murmushi, hannu ɗaya a aljihu.

"Yaron nan ya rame," in ji shi. "Miƙo min shi."

"Wa ya gaya maka muna nan?"

Ya ɗaga wayarsa. "Asibitinku mana. Manhajar nan tasu mai amsa tambaya na tambaya. Na ce ni ne uban wane, yaushe allurarsa ta gaba? Ta ba ni rana, ta ba ni wuri, har da yi min fatan alheri."

Ya kai hannu zai ɗauki yaron, ta ƙanƙame shi ta kurma ihu. Matan da ke layi suka tashi gaba ɗaya. Wata tsohuwa da ta kawo jikarta ta sha gabansa tana cewa, "Taɓa ta ka gani, mara kunya!" Maigadi ya ja shi waje yana zage-zage, amma bai tafi ba. Ya tsallaka titi ya jingina da bango.

Mai ɗinki ba ta nemi izinin kowa ba, ta banke ƙofar ofishin likita. Yana cikin shan shayi, nas na tsaye da fayil a hannu.

"Likita, kai ne ka aiko min mutumin nan?"

"Baiwar Allah, zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba! Ranar da na fara zuwa nan na gaya wa Sista halin da nake ciki. Na ce kar a gaya wa kowa inda muke. Sista, ƙarya nake yi?"

Nas ta sunkuyar da kai. "Ta faɗa min, Likita. Ni ban gaya wa kowa ba."

Likita ya juya kwamfutarsa ya danna, ya danna, ya share gumi. Ya ce wani kamfani ne ya haɗa musu manhajar mai ƙirƙirarriyar basira, aka ba ta hanyar ɗauko bayanan rigakafi daga duk asibitocin gari, don iyaye su huta da neman kati. Lambar uban tana cikin bayanan yaron tun daga asibitin da aka haife shi. Da ya tambaya, manhajar ta ga lambar ta dace, ta ba shi amsa.

"Ita ba ta san an yi shari'a ba," in ji shi. "Abin da aka ce ta yi ta yi."

"To ku fa? Ku ma ba ku sani ba? Kun ɗauki sirrin 'ya'yan mutane kun miƙa wa abin da bai san fuska ba, bai san mugu ba, ku kuna nan kuna shan shayi! Cire lambarsa yanzu, ina kallo."

"Daga nan ba ta ciruwa. Sai na rubuta wa kamfanin."

Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Shi da ya tambaya, kafin ya ƙifta ido an ba shi. Ni da nake roƙon a rufa min asiri, sai an rubuta wa kamfani?"

Yaron ya fashe da kuka.

"Yi masa allurar," ta ce wa nas. "Ba zan bar ɗana ya kamu da ƙyanda saboda sakacinku ba."

A nan ofishin aka yi masa. Nas ta kira 'yan sanda, amma kafin su iso mutumin ya sulale. Nas ta fitar da uwar da ɗanta ta ƙofar baya ta wajen ɗakin magani, ta kai su gida a motarta, tana ta duba madubi.

Likita ya sa aka kashe manhajar a asibitinsa kafin a tashi aiki, sauran asibitocin kuwa suka ci gaba da amfani da ita.

A gida, yayar mai ɗinki ta ce mata ta yi haƙuri ta zauna, ai bai san gidan ba.

"Yaya, ya san unguwar," in ji ta.

Da la'asar ta kwance kan keken ɗinkin ta naɗe shi a zani. Ta mayar wa maƙwabta yadudukansu, wasu an yanka ba a ɗinka ba, tana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Da suka tambaye ta inda za ta koma, ta ce ita ma ba ta sani ba tukuna.