Waƙafi a Layi na Ɗari da Tamanin da Uku

Muntari ɗan Gummi ne, kuma ilimin kwamfuta ya karanta. Da wata ƙungiya mai yaƙi da gubar dalma ta buɗe ɗakin gwajin jini a Anka, shi aka ɗauka ya rubuta manhajar da za ta riƙa karɓar sakamakon yara daga ƙauyukan da ake daka dutsen zinari, ta jera su, wanda gubar ta fi yawa a jininsa ya zo a sama don a fara kai masa magani.

Masu zagaya ƙauyuka a waya suke rubuta sakamakon, layi-layi: lambar yaro, shekarunsa, adadin gubar. Don manhajar ta iya karanta rubutun, Muntari ya yi amfani da wani tsohon kayan aikin masu shirya manhaja, wanda za ka ba shi ƙa'idar tsarin rubutunka, shi kuma ya ƙera maka abin da zai karanta shi. Idan mai karatun ya ci karo da abin da ya saɓa wa ƙa'ida, sai ya tsaya cak ya fito da kalmomi biyu na Turanci, "syntax error", wato tsari ya karye. Ba ya faɗin a ina, balle me ya karya shi. Akwai hanyar sa shi ya yi bayani, Muntari ya san ta sarai, amma ya bar shi yadda ya zo. A ganinsa lafazin da masana suka amince da shi ke nan tun da daɗewa, kuma yana alfahari da cewa aikinsa bai kauce wa ƙa'ida ko da taku ɗaya ba.

Bridget, ma'aikaciyar da ke zama gaban kwamfutar a Anka, ta taɓa yi masa magana. Ta ce ita jinya ta karanta, kalmomin nan ba su gaya mata komai, ya daure ya sa abin ya riƙa nuna mata inda matsalar take. Ya yi murmushi ya ce ai ko'ina a duniya haka yake fitowa. Ba ta sake ta da zancen ba.

Da damina ta sauka, sakamakon yara ɗari biyu da arba'in ya iso daga Nasarawa Burkullu da rugagen kewaye. Manhajar ta ƙi karɓa. Bridget ta bi layukan da ido har sau biyu, ga uwaye cike da ƙofa suna jiranta, ba ta ga komai ba. Lambobi ne zalla, sunaye kuwa sai manhajar ta haɗa su. Ta kira Muntari. Yana Gummi yana jinyar Innarsa, kuma dokar ƙungiyar ta hana fitar da bayanan yara daga ofis, sai ya ce ta sake gwadawa, zai zo in ya samu sarari. Sarari bai samu ba sai bayan kwana goma sha biyu.

Bai yi minti goma a kan kujera ba ya gano. A layi na ɗari da tamanin da uku, wani ya sa waƙafi inda ya kamata ya sa ɗigo. Ya gyara, jerin ya fito. Sunan farko Basira Hudu, shekara uku, gubar da ke jininta ta zarce iyakar da ake garzayawa da yaro asibiti, nesa ba kusa ba.

Bridget ta nuna sunan da yatsa.

"An kawo ta shekaranjiya tana jijjiga," ta ce. "Tana ɗakin can."

Muntari ya tarar da mahaifin yarinyar, Malam Hudu, wani makiyayi siriri, zaune a kan tabarma a bakin ɗakin. Yarinyar ta farfaɗo, sai dai hannunta na hagu ya saki. Hudu ya ɗauka ma'aikacin lafiya ne, ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Allah shi saka muku da alheri, Malam. Ba don ku ba, da ba mu san abin da ka damun ta ba."

Muntari ya so ya gaya masa gaskiya, amma amin kawai ta fito daga bakinsa. Daga baya ya keɓe likita ya tambaye shi ko da an samu jerin da wuri abin zai canza. Likitan ya ce Allah ne masani, sai dai babu likitan da zai zaɓi ya jinkirta kwana goma sha biyu.

Tsakanin Azahar da La'asar ya gama gyaran. Yanzu idan an yi kuskure, manhajar takan faɗi lambar layin, da abin da ta tarar, da abin da take tsammani, da Hausa da Turanci. Bridget ta gwada, ta gyaɗa kai, ta koma wurin uwayen.

Tun daga nan duk zuwan da ya yi Anka sai ya tambayi labarin Basira. Bayan wata huɗu aka ce masa tana tafiya, amma tana jan ƙafa, hannun kuma bai dawo ba. Sau biyu yana shirya zuwa Nasarawa Burkullu ya ga Hudu. Na farko hanya ta yanke, na biyu kuwa har ya kai tasha, ya juyo gida.