Zance a Ƙarƙashin Hoton Mai Walda

Jaridar ta intanet ce, ɗaki biyu a saman shagon tayoyi, da fanka ɗaya mai tsaye da ake ja daga wannan tebur zuwa wancan. Edita yana ɗakin ciki. A ɗakin waje kuwa akwai Yaya, wadda ke fita neman labari, da ƙaninta Auta, wanda ya rubuta 'yar manhajar da ke mayar da rubutunsu shafin da mutane ke karantawa a waya.

Manhajar ba wata babbar aba ba ce. Mai labari zai buga rubutunsa kawai, yana sa 'yan alamomi a farkon layi. Alama kaza tana nufin kanun labari, kaza hoto, kaza zancen da wani ya faɗa da bakinsa, ɗan karan layi kuma yana nufin jerin abubuwa. Sai manhajar ta bi layi-layi, ta ba kowane yanki irinsa, ta rataye shi a inda ya dace, babba yana riƙe da ƙarami kamar reshe da ganye. Auta bishiya yake kiran tsarin. Mai tayoyi da ke ƙasa ya taɓa jin haka, tun daga ranar kullum sai ya tsokane shi a bakin matakala.

"Manomi, bishiyar taka ta fara 'ya'ya kuwa? A tsinko mana mana."

Auta sai ya yi murmushi ya wuce. Ba mai yawan magana ba ne.

Labarin da Yaya ta kawo a kan wani fili ne a bayan layin masu gyaran mota, inda ake shigar da baburan sata a yanka su gunduwa-gunduwa a sayar. Mutum biyu ta samu. Na farko wani ma'aikacin filin ne da ya zayyane mata komai, bisa alkawarin ba za ta ambaci sunansa ba. Na biyu mai walda ne da shagonsa ke kallon ƙofar filin. Shi cewa ya yi bai ga komai ba, bai ji komai ba, ƙofofi da tagogi yake haɗawa. Amma ya yarda ta ɗauke shi hoto, har ya gyara tsayuwa a gaban wata ƙofa da ya gama, wai ko zai samu kwastoma.

Da safe ta buga labarin cikin sauri don tana da wata hirar. Ta sa hoton mai walda da sunansa a ƙasa. Daga nan ta ɗora zancen ma'aikacin filin, ba ta bar layi fayau a tsakani ba. A manhajar Auta kuwa, duk abin da ya manne wa hoto ba tare da tazara ba, ɗan hoton ne. Haka zancen ya shige cikin akwatin bayanin hoto. A ƙarshen zancen ta ja ɗan kara ta rubuta cewa in ji wani da ya nemi a sakaya sunansa. Manhajar ta ga kara a farkon layi, ta ce wannan jeri ne, ta yanke shi ta ajiye shi daban, can ƙasan wata tallar katifa.

Abin da ya fita shi ne fuskar mai walda yana murmushi, da sunansa, sannan a ƙasa: "Na ga suna shigar da baburan da idona, na san wanda ke biyan su."

Edita ya karanta rubutun a kwamfutarsa, ya ga daidai, ya ce a saka. Auta ya saka, ya koma kan wani gyaran. Babu wanda ya buɗe shafin a waya.

Kafin rana ta take, mutanen filin sun gani. Suka tsallako titi, suka shiga shagon mai walda yana tsugune da gilashin aiki a fuska, suka sauke ƙofar birgima. Bai ma san abin da ya yi ba. Suka kife shi a kan teburin ƙarfe, biyu suka danne kafaɗunsa, wani ya shimfiɗa hannayensa, babbansu ya ɗauki gudumar mai waldan da ke jingine. Maƙwabta suna jin ihunsa da ƙarar gudumar in ta kuskure ta sami tebur, amma kowa ya ja ƙofarsa. Da suka ɗaga ƙofar suka fita, ba su ko yi sauri ba. Mai cajin waya da ke gefe ita ce ta tari motar da za ta kai shi asibiti, kuma ita ta kira wansa, direban tifa.

Da la'asar Yaya ta dawo ofis, ta cire takalmi ta jawo fanka gabanta. Suka ji hayaniya a ƙasa, mai tayoyi yana cewa, "Malam, wa kake nema? Malam, dakata!" Sai ƙarar faɗuwar mutum cikin tayoyi, sai takun ƙafa masu nauyi a matakala.

Ƙofar a buɗe take, amma sai da ya doke ta da ƙafa. Ƙaton mutum ne, gaban rigarsa duk busasshen jini, sifanar kwance tayar mota a hannunsa na dama, waya mai fasasshen gilashi a hagu.

"Wace ce ta ɗauki hoton ƙanina?"

Yaya ta miƙe. "Bawan Allah, lafiya? Wane ne ƙanin naka?"

Ya ɗaga mata wayar. Ta matso ta duba.

"Ba shi ya faɗi wannan ba," ta ce. "Wallahi ba haka na rubuta ba."

Ya kwashe ta da mari da bayan hannu, ta bugi kabad ta zube, takardu suka zubo mata. Auta ya zabura ya riƙe masa hannu. Direban ya shaƙo shi a wuya da hannu ɗaya ya maka shi da bango, agogon bango ya faɗo ya tarwatse. Edita ya leƙo daga ɗakin ciki, ya ga sifanar, ya mayar da ƙofa ya murza makulli. Suna jin muryarsa yana kiran 'yan sanda.

"Sun farfasa masa hannu," in ji direban, numfashinsa yana dukan fuskar Auta. "Duka biyun. Ni na riƙe su a cikin tawul har asibiti, kamar buhun tsakuwa. Yana tambayata me ya yi. Me zan ce masa?"

"Ka sake shi," Yaya ta ce daga ƙasa, jini yana bin haɓarta. "Ni na rubuta. Ka saki yaron nan."

"Ba ita ba ce," Auta ya ce da ƙyar. "Ita daidai ta rubuta. Manhajar ce ta haɗa su."

"Mece ce?"

"Bari in nuna maka."

Direban ya jefa shi kan kujera. Jini yana ɗiga daga hancin Auta a kan maɓallan, ya buɗe rubutun Yaya a gefe ɗaya, ya buɗe bishiyar a ɗaya gefen. Shi ma sai a lokacin ya gani. Ya nuna da yatsa.

"Wannan reshen hoto ne. Wannan kuma zance ne, irinsa daban, ya kamata ya tsaya shi kaɗai. Amma ga shi ya shiga ƙarƙashin hoton. Mai maganar kuma ga shi nan can ƙasa, ta ɗauke shi jeri ne. Ba mutum ne ya yi ba, na'ura ce ta..."

"Wa ya koya wa na'urar?"

Auta ya share jinin hancinsa.

"Da kai nake. Wa ya ce mata ta yi haka?"

"Ni na rubuta ta."

Direban ya ɗaga sifanar ya sauke a kan allon, gilashi ya watsu a fuskar Auta. Ya sake dukan kwamfutar har ta faɗo ƙasa tana hayaƙi. Sannan ya cafko hannun Auta na dama ya danne a kan tebur. Auta ya yi ta fizga, amma kamar an ɗaure shi da ƙarfe. Dukan farko ya sami bayan hannun, ya ji ƙarar a cikin haƙoransa kafin zafin ya iso. Na biyu ya sauka a kan yatsu. Ya kurma ihun da bai san yana da shi ba.

Yaya ta yi kukan kura ta ɗauki fankar nan tana juyawa, ta rafka wa direban a ƙeya. Kejin ya ɓalle, fiffiken ya yanke masa kunne. Ya juyo ya hankaɗe ta, ta sake tasowa ta cije shi a dantse ta ƙi saki, yana dukan bayanta da gwiwar hannu. A haka mai tayoyi ya hauro da wasu masu facin taya, goshinsa a kumbure, suka rufar masa. Sai da suka karya tebur ɗaya kafin su kai shi ƙasa, wani ya take wuyan hannunsa ya zare sifanar. Ɗaya daga cikin masu facin ya fara shurinsa a haƙarƙari.

"Ku bari!" Yaya ta ce, tana tofar da jini. "Ku riƙe shi kawai."

Direban bai ƙara motsi ba. Kumatunsa a kan siminti cikin fasassun gilasai, ya fara kuka da babbar murya, yana cewa ƙaninsa mutum ne da bai taɓa faɗa da kowa ba, ko kaza ba ya iya korewa daga shagonsa. Auta yana zaune a ƙasa ya rungume hannunsa a ƙirji. Ya ce wa yayarsa ta ari wayar mai tayoyi ta sauke labarin. Ya karanto mata kalmar sirri sau biyu don muryarsa ba ta fita. Tana saukewa 'yan sanda suka iso.

Asibitin garin sashen ƙashi ɗaya gare shi, don haka washegari Auta ya farka ya ga mai walda a gadon da ke kallon nasa, hannayensa biyu a naɗe an rataye su sama. Matarsa tana ba shi ruwa da cokali. Yaya ta shigo da kumburarren ido, ta je har gaban gadon ta durƙusa ta gaishe su. Matar ta ci gaba da juya cokali a kofi kamar ba ta ji ba.

Mai waldan ya dubi Auta ya daɗe.

"Kai ne na kwamfutar?"

"Ni ne, Malam."

"Yayana ne ya yi maka haka?"

"Shi ne."

Ya rufe ido. "An cire hoton nawa?"

"An cire tun jiya."

"To."

Ba su sake magana ba har aka sallami Auta.

Jaridar ta buga gyara da ban haƙuri a saman shafi, amma waɗanda suka karanta gyaran ba su kai waɗanda suka tura hoton ba. 'Yan sanda sun je filin suka tarar an kwashe komai, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Ma'aikacin da ya yi ainihin maganar ya kira Yaya sau ɗaya, yana haki, yana tambaya ko ya je ya ce shi ne. Ta ce masa ya tattara iyalinsa ya bar unguwar, kada ya sake kiran lambarta.

Edita ya so a kai direban kotu, har ya samo lauya. Auta ya ƙi. Suka yi sa-in-sa a kan haka, Edita yana cewa in aka bar wannan gobe kowa zai hauro da ƙarfe, Yaya kuma ta tambaye shi ko makullin ɗakinsa ya lalace ne da yake jin tsoro. Daga ƙarshe aka saki direban bayan ya sha zaman ɗakin tsaro, mai tifar kuma ya riga ya ba wani motar.

Auta ya koma aiki da hannu a rataye, ya gyara manhajar da hagu, harafi ɗaya-ɗaya, a tsohuwar kwamfutar Edita. Ya hana hoto riƙe komai sai bayaninsa. Ya sa zance ba ya fita sai da mai shi a manne a jikinsa, ko da sakaye ne. In kuma manhajar ta ci karo da layin da zai iya zama iri biyu, ta daina zaɓa da kanta, sai ta tsaya ta tambaya. Masu rubutu suka yi ta ƙorafi wai tana ɓata musu lokaci. Bai sauya ba.

Yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Mai walda kuwa hannunsa na dama ya warke a karkace, ba ya iya riƙe kan walda, sai ya sayar da injinsa ya koma gadi a wani kamfanin bulo. Yaya ta nemi gidansu ta je sau da yawa da 'yar leda a hannu. A zuwan farko matar ta mayar mata da kayan. Daga baya ta fara karɓa a bakin ƙofa, amma ba ta taɓa cewa ta shigo ba.