Rabon Sanyi

Shekara ashirin da biyu Halifa Hudaidad, direban tanka, yana ɗauko fetur ɗin gwamnati daga bakin kogin Amu zuwa garuruwan kan dutse, ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya sai ranar da aka kawo sabon mudir, wato manajan daffon mai na Sangi Safed.

A wancan zamani gwamnatin Kabul ce kaɗai ke shigo da mai. Ƙasa ba teku, sai jiragen ruwa su tsallako da shi ta kogi, a juye a manyan tankuna, a rarraba wa motoci. Wanda sunansa ke cikin takardar hukumar mai shi ne direba. Wanda aka soke sunansa kuwa, sai ya je ya nemi jaki.

An cika wa Hudaidad tanka ran Lahadi da tsakar rana, cikin zafin da ko ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Aka tsoma sandar awo, mai ya taɓa zanen, aka rufe, aka ɗaure murfin da hatimin dalma. Kwana biyu yana hawa. Ya iso ƙofar daffo ran Talata an riga an tashi daga aiki, motar ta kwana a waje. Sangi Safed kuwa gari ne da ko tsakiyar bazara sai da bargo biyu.

Da sassafe Lala Baz Gul, tsohon da ke riƙe da sandar awo tun kafin a shafa wa daffon fenti, ya hau saman tanka yana nishi. Ya duba dalma, lafiya lau. Ya yanke, ya tsoma sanda, ya zaro, ya kara ta a ido.

"Ya ragu da yatsa uku," ya ce. "Rabon sanyi, kamar kullum. A kawo tiyo."

"Rabon wa?"

Mai tambayar yana tsaye a ƙasa da kwat da takalmi mai sheƙi, biro uku a aljihun gaba. Mudir Inayatullah ke nan, satinsa biyu da zuwa daga Kabul, gemunsa bai gama haɗuwa ba.

"Rabon sanyi, Mudir Sahib," in ji Baz Gul. "Mai in ya hawo dutse yakan tsuke. Tun da can haka muke rubutawa."

"Na gani a littafinku. Layi guda, daga sama har ƙasa, rabon sanyi, rabon sanyi. Wane ne Sanyi? A wane ofis yake aiki? Wa ya ɗauke shi?" Ya juya ga Hudaidad. "Na soke wannan layin da jan biro. Takardarka ta ce an ba ka mota cike. Yatsa uku ya fi ganga guda. Ina gangar?"

Hudaidad ya ajiye kofin shayinsa a kan madgadin mota a hankali, don kada ya jefe shi da shi.

"Mudir Sahib, ka ga dalma."

"Dalma ana narka ta a sake. Mun karanta dabarunku."

"Kun karanta. Madalla. A cikin karatun ba a gaya muku mai yana jin sanyi ba?"

"Mai ba tunkiya ba ne, Halifa."

A bakin ƙofa akwai mutane sun fi talatin, da jarkoki da garewani, ga motar asibiti, ga motocin da za su kwaso alkama daga ƙauyuka. Kwana shida ba fetur a garin. A gabansu duka yaron nan ya ɗaga murya ya ce, "Ba zan karɓi kayan da aka sata a hanya ba. Yau zan rubuta Kabul a cire sunanka."

Sata. Shi Hudaidad ake kira ɓarawo. Shi da bai taɓa zuba fetur ɗin gwamnati ko a fitilar gidansa ba. Surukinsa ya taɓa roƙonsa kwalba guda ranar biki, ya hana, har yau gaisuwarsu sama-sama ce. Yanzu wani da aka haifa lokacin da shi yake koyon canza giya zai aika sunansa birni da tambarin ɓarawo, kuma takarda in ta shiga ofis ba ta fitowa.

Ya karɓi kwalba a hannun mai shayi, ya cika ta da fetur har wuya, ya ɗaura zare daidai bakin man. Ya tsoma ta cikin ruwan ɗumi. Kafin a sha kofi guda mai ya haura zare. Mutane suka yi kabbara.

Mudir ya leƙa, ya taɓe baki. "Kwalba daban, tanka daban. A kasuwar Kabul na ga mai fito da ƙwai daga kunne."

"Kai dai Allah ya sawwaƙe maka," wata tsohuwa ta ce daga cikin layi. "Ku ba mu mai mu tafi."

"Ba ɗigon da zai fita sai mai ya taɓa zane," in ji mudir.

Sai Hudaidad ya ce, "To mu je ya taɓa."

"Ina?"

"Doshi. Can ƙasa inda rana take da hankali. Ka rufe da dalmarka, ka sa kwadonka, makulli a aljihunka. Ka shigo mota da kai da sandarka. In mai bai dawo ba, ka aika takardarka, ni da kaina zan kai ta gidan waya. In ya dawo, a nan take ka sa hannu ka karɓa."

Baz Gul ya dubi Hudaidad. Ya ɗan sa garin taba a ƙarƙashin harshe, ya kau da kai.

Da mudir yana da wanda zai ba shi shawara, da bai je ba. Amma mutane na kallo, kuma yaro mai biro uku ba ya ja da baya. Ya shiga ofis ya rubuta takardar korar, ya ninke, ya sa a aljihu a gaban kowa. Ya ɗaure murfi da dalma biyu, ya ƙara da kwado. Motar fetur cike ta juya ta bar garin da ba fetur, mutane na bin ta da zagi.

Wuni guda suka yi suna gangarawa ta cikin kwazazzabo, Baz Gul a tsakiya rungume da sanda. Mudir ya yi amai sau biyu. A karo na biyun Hudaidad ya miƙa masa busassun 'ya'yan itacen tut.

"Ci, Mudir Sahib. Wannan ba na sata ba ne, daga bishiyar gidana."

A Doshi suka faka a fili, inda ba ko inuwar kara. Kwana biyu motar na gasuwa. Su kuma suna zaune a rumfar mai shayi, suna tsoma gurasa a romo, ƙudaje na taya su. Mudir ya cire kwat, ya cire taye, a rana ta biyu har takalmi ya cire. Kowace sa'a sai ya zagaya motar ya taɓa kwado. Direbobin da ke wucewa suna tsayawa.

"Halifa, lafiya? Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Muna ɗumama wa gwamnati mai ne."

"Kai, Hudaidad, tsufa ya zo da wasa!"

"Ba ni ba ne. Ga mai ilimin nan, ku gaishe shi."

Dariyar da suke yi ba ta yi wa Hudaidad daɗi ba. Yana lissafin abokan aikinsa da suka yi sawu guda suka koma, shi yana nan yana gadin rana. Kuma can cikin ransa akwai tsoro. Zafin Doshi bai kai na bakin kogi ba. In man ya dawo yatsa biyu ya tsaya fa? Ya yi alwala ya yi azahar, ya daɗe a sujada.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci mudir da kansa ya hau saman tanka. Ƙarfe ya ƙone masa tafin hannu. Ya duba dalmarsa biyu, ya buɗe kwadonsa, ya tsoma sanda, ya zaro. Ya goge da hankici ya sake tsomawa. Sau uku.

"Nawa ya rage?" in ji Hudaidad daga ƙasa.

Mudir ya sake kara sandar a ido.

"Lala, leƙa mana, ko idon Mudir Sahib ya yi gumi."

Baz Gul ya leƙa. "Bai kai ƙwayar sha'ir ba. Ya taɓa zane."

Direbobi biyar ne a wurin, da mai shayi. Mudir ya sauko, ya ɗora takardar kaya a kan bonet, ya rubuta: na karɓa cike. Ya sa hannu, ya buga hatimi. Har ya ɗan saki fuska, kamar wanda ya ci nasara.

"Ka ga amfanin bin ƙa'ida, Halifa. Yanzu kayan gwamnati sun cika."

"Sun cika, Mudir Sahib. Rufe da hannunka."

Washegari suka hau dutse. Wuni guda, aka sake kwana a ƙofar daffo. Da gari ya waye layin ya ninka na da, har da waɗanda suka zo kallo kawai. Likitan asibiti ya zo da kansa a kan keke, fuskarsa a murtuke.

Baz Gul ya hau. Mudir ya miƙa masa makulli. Ya tsoma, ya zaro, ya kara a ido, ya daɗe yana kallo kamar bai taɓa ganin sanda ba.

"Yatsa uku," ya ce da ƙarfi, don na baya su ji. "Mudir Sahib, an sace ganga guda. Dalma taka, kwado naka, makulli a aljihunka ya kwana. Ga takarda ta ce ka karɓa cike. Sunan wa zan rubuta?"

Tsohuwar nan ta ce, "Rubuta nasa! A aika Kabul!"

Mudir ya dubi sanda, ya dubi takarda, ya dubi Hudaidad. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce a kawo littafi. Baz Gul ya kawo, ya buɗe daidai shafin da jan biro ya ratsa. Yaron ya ɗauki rula, ya ja sabon layi a gefe, ya rubuta kalmomin nan biyu, rabon sanyi, a sama da ƙananan baƙaƙe.

"A sauke mai," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"A dakata," in ji Hudaidad. Ya dafa tiyo da ƙafa. "Akwai takarda a aljihunka."

Mudir ya zaro ta ya miƙa masa.

"Ba ni na rubuta ba. Kai za ka yaga. Kuma kalmar da ka faɗa, a gaban mutanen nan ka faɗe ta."

"Halifa, don Allah, mutane na jira."

"Kwana huɗu ka ƙara musu, su ƙara minti guda."

Mudir ya yaga takardar gida huɗu. Ya ce, "Halifa Hudaidad bai saci komai ba."

"Na baya ba su ji ba."

Ya sake faɗa, da ƙarfi. Sannan Hudaidad ya ɗage ƙafarsa, fetur ya fara gudu cikin tankin ƙasa.

Yana ɗaure igiyar bargonsa zai tafi, mudir ya biyo shi da littafi a hammata.

"Halifa, tambaya ɗaya. Kowane layi a littafin nan yana da gurbin sa hannun wanda ya karɓa. Wannan sabon, wa zai sa hannu?"

Hudaidad ya dube shi tun daga takalmi har biro. Ya hau mota, ya ja ƙofa, ya leƙo ta taga.

"Ka bar littafin a waje ya kwana, Mudir Sahib. Mai rabon yakan zo da asuba."