Haƙoran Makulli a Yadin Zabuwa

Ɗakin bugu yana hawa na uku a sashen zanen yadi, tagoginsa na kallon babban titi. A nan ɗaliban shekarar ƙarshe ke shanya aikinsu a kan igiya, kowa na shirin baje kolin kammala karatu. 'Yar Lungu, wadda ta sami sunan saboda teburinta na can ƙurya kuma magana ba ta dame ta ba, ta shigo da safe ta duba ko yadinta ya bushe. Ya bushe. Na kusa da shi ne ya tsayar da ita.

Yadin ƙawarta ne, Zabuwa, wadda ba ta zana komai sai ɗigo-ɗigo. Fararen ɗigo ne manya a kan shuɗi. Amma cikin shuɗin, in mutum ya karkata kai haske ya bugi yadin, akwai wasu layuka dishi-dishi masu hawa da sauka. Haƙoran makulli ne.

'Yar Lungu ta gane su nan take. Babanta yankan makulli yake yi a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota. Makullan da suka lalace ta tara a gwangwani, ta yi watanni tana bin haƙoransu da fensir har ta fitar da zanen da ba wanda yake da irinsa a ajin. Ga shi yau yana leƙo ta daga yadin wata.

Kuma kowa ya san dokar Malama, shugabar sashen: in ta ga aiki biyu masu kama da juna, duka biyun take saukewa. "Ni ba alƙali ba ce," in ji ta. Wanda aka sauke nasa kuwa sai baɗi.

'Yar Lungu ta koma teburinta ta zauna. Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Zabuwa ta tsaya a bayanta tana cin gyaɗa tana cewa, "Ke dai kanki yana ja." Ranar da ta ari makullin akwatinta wai za ta ɗauki reza, ta daɗe ba ta dawo ba. Har dariyar da ta yi jiya a matakala, wadda a lokacin ba ta nufin komai, yanzu ta soma wari.

Ta fita baranda ta kira yayarta.

"Na sha gaya miki," in ji Yaya, ana jin ƙarar keken ɗinki a bayanta. "Mai yawan fara'ar nan ban taɓa yarda da ita ba. Ki je wajen malamarku kafin ta riga ki."

"Yaya, in na je duka biyun za a sauke."

"To kada ki tsaya sanyin jiki. Ki tare ta ki kalli idonta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Zabuwa ta iso wajen hantsi, gyale a kafaɗa, fenti a farce. Ta gaisa da kowa, ta wuce igiya ta shafa yadinta, sannan ta ɗan ja shi gefe, nesa da na 'Yar Lungu. Wataƙila don iska ta ratsa. 'Yar Lungu ba ta ga alamar iska ba.

A wurin wanki ta same ta, inda ake wanke rariya. Haka ɗalibai ke kiran firam ɗin da aka ɗaure wa siririn ƙyalle, wanda ake jan fenti a kansa ya ratsa ya zauna a yadi. Rariyoyin na makaranta ne. Wanda ya gama sai ya wanke da magani har zanensa ya fita tas, ya jingine wa na baya.

"Ina son magana da ke," in ji 'Yar Lungu. Muryarta ta fito ƙarama fiye da yadda ta shirya.

"Yau kuma bebiya ta yi baki? Ina jin ki."

"Zanena yana cikin yadinki."

Zabuwa ta rufe famfo. Ba ta yi mamaki ba, wannan ne ya fi ƙona wa 'Yar Lungu rai. Ta goge hannu a rigar aiki, ta shiga cikin rariyoyin da ke jingine, ta zaro wata ta ɗaga ta saitin taga.

"Zo ki gani, uwar zargi."

A jikin ƙyallen, bayan ɗigon Zabuwa, ga haƙoran makulli nan kamar tabon shayi a farar riga.

"Wa ya yi aiki da ita kafin ni? Ruwa kawai kika watsa mata kika gudu, ba ki sa magani ba. Fentinki ya bushe a ramukan. Ni na ɗauka, ya fito a nawa. Sai ki ce na shiga akwatinki?"

'Yar Lungu ba ta ce an shiga akwatinta ba. Ta riƙe wannan a ranta. Amma ta tuna ranar: hadari ya haɗo, tana sauri kada motar unguwarsu ta tashi. Kunya ta rufe ta, har ta buɗe baki za ta ba da haƙuri. Sai idonta ya koma kan igiya. Yadin dogo ne, daga wannan bango zuwa wancan. Ba ɗalibin da ke zuba fenti a yadi bai fara gwadawa a takarda ba.

"Kin yi gwaji?"

"Na yi."

"Kin gani ke nan."

Zabuwa ta ɗaga kafaɗa. "Na gani. Ya yi kyau. Shuɗin ya daina zama fayau kamar bangon asibiti. Wa zai lura?"

Malama ce ta lura, kafin azahar. Ta tsaya tsakanin yaduka biyun, tabarau a goshi, ta karkata kai. 'Yan aji masu guga suka ajiye dutse.

"Wannan ba kwaikwayo ba ne, ƙazanta ce," in ji ta. "Wa ya bar rariya da datti?"

"Ni ce, Malama," in ji 'Yar Lungu.

"Ke kuma ba ki gani a gwaji ba?"

"Wallahi ban lura ba, Malama," in ji Zabuwa, idonta a buɗe tar, muryarta ko rawa babu.

'Yar Lungu ta dubi ƙasa. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta mai da ƙazanta sata, kuma ba ta da tabbacin igiyar wa za ta tsinke. Ta yi shiru, irin shirun da aka saba ji daga gare ta, ba wanda ya ga baƙonsa.

Malama ta yanke: yadin makulli zai hau bango. Zabuwa ta sake buga nata daga farko kafin ranar baje koli. 'Yar Lungu kuma ta wanke duk rariyoyin ɗakin, da magani, ita kaɗai.

Tana cikin wankin, hannunta ya yi jawur, Zabuwa ta zo ta jingina da bango.

"Kin ga mun tsira. Ki zaɓo mini mai kyau mana, ƙawata, ke da kike kansu."

'Yar Lungu ta bi rariyoyin ɗaya-ɗaya tana ɗaga su saitin taga. Ta wuce duk waɗanda ta taɓa aiki da su, ko da sun fita tas. Can ƙarshe ta zaro wata tsohuwa mai karkataccen firam, wadda hannunta bai taɓa hawa ba, ta miƙa mata.

"Wannan ai ta tsufa," in ji Zabuwa.

"Tana da tsabta," in ji 'Yar Lungu, ta sake buɗe famfo.