Abin da Na Zuba a Kunun Gayya

Barci ya sace ni da rana tsaka a gindin tsamiyar bakin gonata, ranar da na kira gayya. Samari ashirin da uku na can suna huɗa, ganga na tashi. Ni kuwa na riga na yi abin da na saba shekara uku ke nan: na daka ƙwayoyin nan masu hana gajiya, na juye a tukunyar kunun da za a ba su, na motsa, na rufe. Sai dai raina bai kwanta ba, don da safe na wuce Cindo a bakin kasuwa yana tsintar leda yana zance shi kaɗai, saurayin da a da ba mai shan gabansa a huɗa. Na ce wa kaina, kai Nomau, ina ruwanka, kai ka haife shi? Na jingina, ido ya rufe.

Sai ga Kawu Jatau tsaye a kaina, shi da ya koya mini riƙon garma, ya kuma rasu tun ban yi aure ba.

Ya ce, "Tashi, ɗan ƙanwata, mu je ka ga inda ake girbi."

Muka shiga wani birni mai baƙar ganuwa, babu bishiya, babu inuwa ko ta tafin hannu. Farkon abin da na gani wani mutum ne zaune cikin tulin kwalaben maganin tari, ƙishirwa ta tsattsage masa leɓe. Duk kwalbar da ya kai baki sai ya ji kukan wata uwa na fitowa daga ciki, ya yar, ya ɗauki wata.

Na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Mai kantin magani ne. Ya san masu zuwa wurinsa ba tari suke yi ba, amma bai taɓa cewa babu ba."

Gaba kaɗan na ga wani mai babbar riga, samari jajayen idanu sun ɗauke shi a kafaɗa suna gudu da shi, yana ihu a sauke shi, ba mai ji. Su jefa shi rami, su ciro shi, su sake. Kawu ya ce wannan shi ne mai raba wa 'ya'yan mutane giya da wiwi lokacin neman ƙuri'a, nasa 'ya'yan suna makaranta. Kusa da shi ga wani mai unguwa an murɗe masa wuya, fuskarsa na duban baya, don kullum ya zo lungun da ake shaye-shaye kau da kai yake yi.

Wanda ya fi karya mini zuciya shi ne wani fili cike da samari a durƙushe, suna tonon ƙasa da farce har jini.

"Me suke nema, Kawu?"

"Hankalinsu. An ba su shi amana, suka bayar da hannunsu don kada abokai su ce musu ƙauyawa. Wanda ya miƙa musu yana da nasa, amma su ma za a tambaye su, don babu wanda ya buɗe musu baki."

Daga nan muka ɓulla wata gona da ba a hango ƙarshenta. Mutane na huɗa, kowa da dutse a gadon baya, in sun kai ƙarshen layi sai ƙasa ta koma yadda take. Wallahi ban taɓa ganin gajiya irin wannan ba. A gefe guda ga garma a kafe, ga dutse, ba mai su.

Na ce, "Ta wa ce?"

Ya ce, "Gajiya rahama ce, Nomau, ita ke ce wa jiki ya huta. Wanda ya sace wa yaro gajiyarsa, nan ake tara masa ita. Ɗaga ka ji."

Na ce, "Kawu, ai taimakonsu nake yi, aikin da yawa."

Ya dube ni yadda yake dubana in na karkace layi ina yaro. "To me ya sa duk ranar gayya kake aiken ɗanka Arzika wani gari?"

Sai na ji an taɓa ni ta baya, na waiwaya, Cindo ne, fes da shi kamar da. Ya ce, "Baba Nomau, ni kunu kawai na zo sha."

Na farka ina salati, rigata sharkaf da gumi. Ganga ta yi shiru, samari sun kewaye tukunya, Mati ɗan maƙwabcina har ya tsoma ludayi. Ban tsaya neman takalmi ba, na sheƙa na sa ƙafa na kifar da ita. Kunu ya malale cikin ƙasa.

Na ce, "Ku yafe mini, 'ya'yana. Shekara uku ina zuba muku ƙwaya a ciki. Ni na fara lalata Cindo."

Na zaci za su rufe ni da duka, da ma sun yi. Mati ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai mun sani. Don shi muke zuwa gayyarka."

Innalillahi! Na ji kunya, na ji tsoro, hawaye suka zubo mini a gaban yara. Na ce, "To daga yau babu, ko gonar nan za ta zama daji. Wanda ya gaji ya zauna ya huta, ba abin kunya ba ne. Ku riƙe hankalinku, na ga inda ake nemansa ba a samu."

Bakwai daga cikinsu suka saɓa garma suka tafi suna gunaguni. Ban hana su ba, amma na riƙe sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ana idar da sallar la'asar na nufi gidan uban na farko, don in gaya masa da bakina abin da na yi wa ɗansa.