Rumbu a Cikin Salular Inno

Shekara talatin Inno tana karɓar haihuwa a Garin Nomau, can bayan Tirmini, amma rabin yaran da ta yanke wa cibiya ba su da takardar haihuwa. Sai lokacin shiga lakkol, wato makaranta, ya zo a tashi neman shaidu, in an gaji a tura yaro kiwo. Shi ya sa da ƙungiyar ungozomomi ta ce za ta raba salula, kowace ta riƙa rubuta jariri ranar da ya faɗo, Inno ta yi rani biyu a ajin yaƙi da jahilci, da furfurarta, har ta iya haɗa baƙi.

Ranar Talata aka kira su biro, wato ofishin ƙungiyar, a Zinder don a zaɓi rumbun bayanai. Shugaba, Malam Suma'ila, ya yi musu bayani: manhaja ce mai jera sunaye layi-layi cikin ordinatar, wato kwamfuta. Guda uku ne a gabansu, duk kyauta, kowa na iya buɗe cikinsu ya gyara. Masana biyu za su yi magana: Mahamud, ɗan wani ɗan kasuwar Kano da ya girma a Zinder, da Zara, 'yar Inno ta fari.

"Ni MariaDB na zaɓa," in ji Mahamud. "Tana da sauri, kuma in ta ba da matsala, daga Kano har Yamai akwai wanda ya san ta. Mu girka ta a babbar ordinatar nan, kowace ungozoma ta aiko ta reson waya nan take. Garin da ba reso, ya jira zagaye na biyu."

Inno ta ɗago kai. Garin Nomau ba reso. Ta kuma san zagaye na biyu, famfon da aka yi musu alkawari da shi har yau ba su sha ruwansa ba.

Zara ta miƙe. "Biyu nake so mu haɗa. A nan biro, PostgreSQL. Ita ba ta da sassauci kan ƙa'ida, kuma ko mata arba'in suka zubo bayani lokaci guda ba ta rikicewa. A cikin kowace salula kuwa, SQLite. Ƙarama ce, ba ta neman reso, ba ta neman babbar ordinatar. Tana riƙe abin da aka rubuta har ranar da aka samu hanya."

"Wahala biyu kenan," in ji Mahamud. "Wa zai daidaita su? Kuma wannan 'yar mitsitsiyar, mutum biyu suka rubuta mata tare, ɗaya sai ya jira."

"Mutum ɗaya ke riƙe da salula, Malam Mahamud."

Malam Suma'ila ya sosa gemu. "Gaskiya rumbu ɗaya ya fi sauƙin tsaro." Alƙalaminsa ya riga ya nufi takarda.

Inno ta gyara lulluɓi. Tun da ta haifi Zara ba ta taɓa kiran sunanta ba, balle ta yabe ta cikin mutane. Kunyar 'yar fari ce. Sai ta juya wajen saurayin.

"Ɗan Kano, ranar da aka haife ka, wane ne sunanka?"

"Mahamud mana, Inna."

"Ƙarya kake, yarona. Kwana bakwai ka yi kana jinjiri."

Ungozomomi suka tuntsire da dariya. Inno ta jira suka lafa.

"Ranar haihuwa zan rubuta uwa da rana, mace ko namiji. Suna sai an yanka rago. To reso a wajenmu yana bisa wani dutse, tafiyar awa guda. In bar mai jego da tukunyar wanka a wuta, in hau dutse sau biyu don kowane jariri? Da waɗannan gwiwoyin?"

"Sai ki sa sunan rana, Ladi ko Ɗanjuma, ki aiko sau ɗaya."

"Watan jiya Ladi huɗu na karɓa, biyu a gida ɗaya. Ka raba min su." Ta dubi Malam Suma'ila. "Ranka ya daɗe, hatsi a rumbun tsakar gida yake kwana kafin a kai shi babban sito. Abin da waccan ta faɗa kenan."

"Waccan wa, Inno?" Yana murmushi.

"Ka san ta."

Zara ta sunkuyar da kai. Mahamud ya ajiye alƙalami ya ce, "Inna ta kayar da ni. Amma shafin ƙungiya na intanet, nan kam a bar wa MariaDB."

"Wurinta ne," in ji Zara. "Daidaitawar kuma tare za mu rubuta."

Bayan wata biyu, ranar kasuwar Tirmini, Inno na sauka daga amalanke salular ta yi ƙara a ƙugunta. Jarirai biyar da suka kwana a ciki, kowa da sunansa na yanka, suka wuce Zinder kafin ta gama tayin daddawa. Ƙungiya ta kai sunayen ofishin magajin gari, wata kasuwar aka miƙo mata takardu biyar masu hatimi.

Da ta koma gari ba ta bi gajeriyar hanya ba. Ta ratsa ta bakin rijiya, takardun a hannu, ba a cikin jaka ba, tana takawa a hankali don mata su samu damar tambaya.