Ki Ce Masa Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Saura minti ashirin a shiga da 'yata Auta ɗakin tiyata na yi katoɓarar da har yau ban manta da ita ba.

Shekararta shida. Hanji ne ya maƙale mata a cibiya, likita ya ce aikin ba zai jira gobe ba. An sa mata koriyar riga mai igiya a baya, an ɗaura mata ruwa a hannu, amma ita ko a jikinta, sai tambayar nas take ko za a bar mata rigar ta tafi da ita gida. Ni ce hankalina ya tashi, na kasa zaune na kasa tsaye. Don in kwantar da nawa hankalin na sunkuya na ce mata, "Kar ki ji tsoro. Ba za a bar ni in shiga ba, amma Yesu yana ciki tare da ke."

Nan take fuskarta ta canja. Ta damƙe ƙarfen gadon da hannu biyu, har allurar ruwan ta nemi fita.

"Yana ciki?" ta tambaya a hankali. "Ni ba zan shiga ba."

Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai, don na san inda gizo ke saƙar. Kitso nake yi a gida. Idan hannuwana biyu suna cikin gashin mutane, ga Auta da ƙiriniya kamar ɗan akuya, ba ni da hannun kama ta sai baki. Ta taɓa man kitso, "Yesu yana kallonki." Ta lashi sukari, "Yesu ya rubuta." Ta yi ƙarya, "Bari dai ya zo." Abin yana ci kuwa, har matan da nake wa kitso suna yaba tarbiyyata, ni kuma ina hura hanci. Ashe dodo na ƙera wa 'yata da sunan Mai Cetona.

"Ni na fasa madubinki," in ji Auta. "Ba mage ba ce. Ya sani. Idan suka sa ni barci zai kama ni."

"Madubin banza, Auta. Ba kama mutane yake yi ba. Yara ma da aka kore su daga wurinsa, shi ya ce a bar su su zo, ya rungume su."

"Masu jin magana."

"Har da marasa ji."

"To me ya sa kika ce ya rubuta?"

Nas ta duba agogon hannunta ta ce, "Maman Auta, likita ya shirya. Ba na so a sa mata maganin barci tana wannan firgita, ki yi ƙoƙari."

Na durƙusa a gaban gadon, gwiwoyina a kan siminti mai sanyi. "Ƙarya na yi miki," na ce. "Ni ce mai faɗa, ba shi ba. Na gaji ne, sai na ari sunansa ina tsorata ki. Yana sonki fiye da yadda nake sonki."

Ta ƙura mini ido, irin kallon da take yi mini idan na ce allura ba zafi. Abin da na shekara uku ina dasawa nake so in tuge a minti biyar, kuma na ga bai tugu ba. Amma ta saki ƙarfen, ta kama yatsana.

Aka tura gadon, ina biye, har bakin ƙofa mai murfi biyu inda aka ja jan layi a ƙasa. A nan nas ta zare yatsana daga hannunta.

"Mama," in ji Auta, "ki ce masa ya tsaya a bakin ƙofa tare da ke. Idan na fito sai mu gaisa."

"Zan gaya masa," na ce.

Ƙofar ta rufe. Na zauna a benci na haɗa hannuwa zan yi addu'a. 'Yata tana ciki ita kaɗai a ganinta, kuma hakan ya fi mata kwanciyar hankali. Na daɗe ban san da wane baki zan roƙe shi ya shiga ba.